Zaman kaɗaici da zaman taro: daga farar ɗango zuwa gidajen ƴan bida

Duk wanda ya yi wayo a jihar Tawa ta Nijar kafin damanar 2004 bai manta da fara ba. Ta gangaro daga arewa hatsi na cikin bununi, wani wuri ya fara yin ido, ta bi makiyaya da gonaki ta bar wa mutane kara tsaye. Ruwa ma ya ɗauke da wuri a shekarar, biyun suka haɗu suka haifi yunwar 2005, lokacin da buhun hatsi ya kai jika talatin na sefa a wasu kasuwanni, mata suka koma tsinkar anza da tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar da ta adana. Yaƙin da aka yi da farar daga ƙarshen 2003 zuwa 2005, daga Muritaniya har Cadi da ƙasashen Magrib, ya ci fiye da dalar Amurka miliyan 400.

Abin da ba kowa ya sani ba, wannan farar ɗango mai rufe rana, a yawancin shekaru ba ta ƙaunar ganin ƴar'uwarta. A Tamesna da gefen Azbin, inda take hayayyafa a ƙasarmu, ɗai-ɗai ake samunta, ƙaramarta koriya, babbarta launin ƙasa, tana laɓe cikin ciyawa da rana, sai dare ta tashi. In ta ci karo da wata, kowacce sai ta kauce. Masana sun daɗe suna ɗaukar mai kaɗaici da mai runduna jinsi biyu ne daban, har sai a 1921 da Boris Uvarov, masanin ƙwari ɗan Rasha da ya yi aiki a Landan, ya nuna a kan wata fara danginta cewa halitta ɗaya ce mai kama biyu. Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga tamu ta hamada.

Ga yadda take juyewa. Ruwa mai yawa ya sauka a hamada, kamar na damanar 2003, ciyawa ta fito ko'ina, fara ta yi ƙwai ta yawaita. Sai ƙasa ta fara bushewa, kore ya rage a ƴan wurare, waɗanda ke warwatse suka tattaru a kan ɗan abin da ya saura, suna gogar juna ba da sonsu ba. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa in aka yi ta shafar ƙafar baya ta fara, cikin kamar awa biyu sinadarin sirotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, yakan ninka kusan sau uku a jijiyoyinta, mai gudun ƴan'uwa ta koma mai neman su. Launi kan biyo baya: ƙanana su yi baƙi da rawaya, manya su yi ja-ja sannan su koma rawaya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ce rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, tana cin abincin mutum 35,000 a yini, tana kuma iya yin kilomita 150 kafin faɗuwar rana. Akwai kuma wani abu mai tayar da hankali da aka gano a 2008: ƙananan da ba su yi fiffike ba, masu tafiya a ƙasa sahu-sahu, cikin abin da ke kora su gaba har da tsoron na baya, domin wadda ta tsaya cinye ta ake yi.

Mu Hausawa bakinmu ya saba da yabon taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai mu ɗauka haka dukan halitta take, wanda ya ware kuwa akwai abin da ke damunsa. Dawa ba ta goyi bayan wannan ba. A 2013 wasu masana biyu a Ingila sun bi nau'in dabbobi masu shayarwa fiye da 2,500, suka iske a kashi 68 cikin ɗari mace ita kaɗai take zamanta. Bushiya, dabgi, tunku, damisa, duk haka suke. Ko ƙudan zuma da muke kafa misali da su, cikin nau'i wajen 20,000 da aka sani, mafi yawa ba su da sarauniya ba su da amya, kowace uwa raminta take haƙawa.

Mai son ganin haka bai buƙatar zuwa dawa. Ya duba kusurwar ɗakinsa da damana, inda zanzaro ke gini. Tana zuwa da ɗan dunƙulen laka, ta liƙa, ta shafe, ta fita, ta komo da wani, har ta gama ɗan tulu. Sannan ta je ta harbo tsutsa ko gizo-gizo, harbin da ke sanƙarar da shi bai kashe shi ba, ta cusa a ciki, ta yi ƙwai, ta toshe baki da laka, ta tafi ba waiwaye. Ɗan da zai fito ba zai taɓa ganin uwarsa ba, kuma bai rasa komai ba, domin duk abin da yake buƙata an rufe shi da shi. Rina kuwa, ƴar'uwarta ta kusa, gida ɗaya suke ginawa su da yawa, su yi reno tare, wanda ya taɓa ɗaya ya sha harbin goma.

Abin da ke raba hanyoyin nan bai wuce uku ba: yadda abinci yake a shimfiɗe, irin abin da ake tsoro, da abin da renon ɗa ke ci. Damisa ƙi sabo, in ji kirari, kuma tana da dalilinta. Farautarta ta kwanton ɓauna ce, abin da take kamawa barewa ce ko gada ko biri, naman da ciki ɗaya zai ci kwana biyu ko uku bayan ta haye da shi bisa itace. Abokin tafiya zai ƙara mata motsi ya kuma raba mata rabo. Zaki ne kaɗai cikin dangin kyanwa ya zaɓi zaman gungu, kuma an daɗe ana cewa don farauta ne. Craig Packer, wanda ya bi zakunan Serengeti a Tanzaniya tun 1978, ya nuna cewa zakanya ɗaya na iya ƙoshi daidai da ta cikin gungu. Abin da ya haɗa su shi ne tsaron wuri mai kyau kusa da ruwa, da kare ƴaƴa daga baƙin maza, waɗanda in suka ƙwace gungu sukan kashe ƙananan da suka tarar. Wato maƙiyin da ya tara zakuna zaki ne. A yankinmu, inda nama bai kai yawan na gabashin Afirka ba, gungun ƙanana ne. Ƙiyasin 2014 ya ce zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 suka rage, mafi yawansu a gandun dajin W, da ke iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, da maƙwabtansa Arli da Panjari.

Tsoro shi ne mafi sauƙin ganewa. Duk yaron da ya yi kiwo ya ga yadda tumaki ke yi in kare ya nufo su: kowacce tana kutsawa tsakiya, tana neman a bar wata a gefe. Masanin halittu William Hamilton ya yi bayanin wannan a 1971, cewa garke na iya haɗuwa ba tare da ko ɗaya na nufin ɗan'uwansa da alheri ba. Janbaki mai cinye wa manoma dawa da shinkafa haka yake, miliyoyi a sama, babu wanda ya san wani.

Tsakanin damisa da janbaki akwai wata hanya, kuma ita ta fi kama da tamu. Raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, su ne ragowar irinsu a duniya. A 1996 saura 49, kariya ta sa suka haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun dajin Gadabeji. Masu lura da su sun san gungun da aka gani da safe ba lalle shi za a gani da marece ba. Biyar su haɗu, uku su ware, gobe a ga goma sha biyu. Da damana suna kan tudu, da rani su gangara kwarin Dallol Boso. An daɗe ana zaton ba ruwansu da juna, sai bincike a Namibiya ya nuna mata suna da waɗanda suka fi son tafiya da su, kuma zaɓin kan daɗe shekaru. Makiyayanmu ma haka suke yi. Da rani Bafillace ko Buzu yakan ware da iyalinsa da dabbobinsa, domin ciyawar wuri ɗaya ba ta ɗaukar garke goma. Ƙarshen damana, ruwa a tabki, ciyawa ta wadata, sai a nufi taron gishiri na Ingal ko gerewol a wajen Abalak, a ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rigima, a ji labarin rijiyoyi. Warwatsuwar ba ta kashe zumuncin, domin kowa ya san ranar haɗuwa kuma ya san wa zai tarar.

To me ya hana ɗan Adam zaman damisa? Na farko jaririnsa. Birin oranguta na tsibiran Borniyo da Sumatara, wanda ya fi duk manyan birai kaɗaici, uwa takan yi shekara bakwai ko takwas tsakanin haihuwa da haihuwa, don ita kaɗai ke ɗauka, ita kaɗai ke ciyarwa. Cimfanzi wajen biyar. Ɗan mutum ya fi nasu rauni, ya fi nasu daɗewa bai ci da kansa ba, amma mace na iya samun wani bayan shekara biyu ko uku. Sirrin yana cikin abin da muke gani kullum har mun daina ganinsa: mai haihuwar fari ta koma gidan iyayenta wankan jego, yarinya ƴar shekara bakwai na goye da ƙanenta uwa na daka, ranar yaye a kai yaro ɗakin kaka, kishiya ta sa masa tuwo in uwarsa na rijiya. Ba a taɓa samun al'ummar da uwa ɗaya ta raini ƴaƴanta ba hannun kowa kuma al'ummar ta ɗore ba.

Na biyu sani. A gandun dajin Tarangire na Tanzaniya, lokacin farin 1993, garkunan giwayen da ke da tsohuwar da ta ga babban farin 1958 zuwa 1961 sun bar dajin sun nufi inda ruwa yake, ƴaƴansu suka fi tsira. Garken da shugabarsa ba ta kai waɗannan shekaru ba ya zauna, ya yi asara mai yawa. Anzar da ta riƙe rayuka a yankin Adar na jihar Tawa a 2005 ma haka ne. Ɗanyarta ɗaci ne da cuta. Sai an ɓare, an jiƙa kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin ta shiga tukunya. Matan da suka san adadin kwanakin da alamar da ke nuna ta yi, a hannun waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 suka koya. Babu mai wayon da zai gano wannan shi kaɗai kafin yunwa ta kayar da shi.

Sai dai taro na da kuɗinsa, kuma ba na son a ɓoye shi. Ƙyanda ba ta iya zama dindindin a wurin da mutanensa ba su kai dubu ɗari biyu da hamsin ko fiye ba, sai ta ƙare waɗanda za ta kama ta mutu. Birni ne gidanta. A 2011 masu bincike sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam na hasken dare a Yamai, Maraɗi da Damagaram, suka ga hasken unguwanni na ƙaruwa da rani lokacin da ƴan cin rani ke shigowa, ƙyanda kuma na tashi tare da shi, ta lafa in an koma gona. Ban da cuta akwai abin da kowa ya sani: zo mu zauna, zo mu saɓa. Akwai tsegumi, akwai sa ido, akwai ma'aikacin da albashinsa ke da masu jira ashirin, akwai amaryar da ba ta da minti ɗaya nata a gidan da ke da surukai da facaloli. Malamai ba su raina buƙatar keɓewa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta keɓewa a kogon Hira kafin wahayi, ana i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, masu ɗariƙa na shiga halwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda yana auna amfanin keɓewa da illarta, bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba. Amma duk waɗannan keɓewa ce mai wa'adi, wadda mutum ya zaɓa da kansa, ya kuma san akwai masu jiran fitowarsa. Hadisi ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu. Wadda aka tilasta kuwa azaba ce, shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu ɗauke da sunan Nelson Mandela, suka hana a tsare fursuna shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

A ganina kuskuren da muke yi a nan shi ne ƙidaya kawuna. Muna jin labarin Ingila ta naɗa ministar kula da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, sai mu ce ciwon Turawa ne, mu da ɗaki ɗaya ke kwana da mutum shida ina muka ga kaɗaici. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Yunin 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da shi, kuma a ƙasashe matalauta abin ya kai kashi 24 cikin ɗari, a masu arziki kashi 11. Mu ne a gaba. Kuma ba ciwon zuciya kaɗai ba ne: a 2010 an tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, aka ga masu dangantaka mai ƙarfi sun fi marasa ita damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. Taron fara da taron giwa duka taro ne a ido, amma a ɗaya babu wanda zai lura in ka faɗi.

A shiga wani ƙauyen Adar a watan Maris, wajen Ilela ko Keita ko Buza. Majiya ƙarfi sun tafi bida tun bayan girbi, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Najeriya da Kamaru, wasu shekara uku ke nan. Gida cike yake: tsoho a zaure, tsohuwa, matan ƴaƴa huɗu, jikoki ba adadi. Da marece saƙon murya ya shigo WhatsApp a salular ƙanen miji, a taru a saurara. "Inna, ina wuninku, ina gajiya? Na aiko ɗan abu, a ba Baba ya sayi hatsi. A gaida mutanen gida." Matarsa na bakin murhu, ta ji, ba ta ɗago ba. Tana cikin mutanen gida. Kunya ba ta bari ya ambace ta gaban iyaye, ita ma ba ta bari ta ce a ba ta salular. Kuɗin hannun suruki za su shiga, shi zai auna mata. In tsohuwar mai tausayi ce takan ce, "Ɗiyata, zo ki ji muryar uban ɗiyanki," in ba haka ba shi ke nan sai wani watan. Shi kuma can, ko yana kwana su goma a ɗakin da maigidansu ɗan garinsu ya kama, ko yana gadin wata gona a Libiya, ya yi sati bai yi Hausa da kowa ba.

Samarin da suka rage a gari sun samo tasu dabarar. Fada, wadda ta bazu a biranen Nijar tun shekarun 1990, ana yawan zaginta da cewa matattarar marasa aiki ce. Ni ban raina ta ba. Ga tabarma ko benci a ƙofar gida, ga ɗan murhun waya da gawayi, ga buta ƙarama, shayi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, ana jujjuya shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa. Wanda ya samu yau shi ke sayen sukari. In ɗaya bai zo kwana biyu ba a je gidansu, in zai yi aure a haɗa masa, in an kwantar da shi gidan likita a yi masa karo-karo. Gandu ya watse, gayya ta ja baya, samariya ta zamanin Seyni Kunce ta zama labari, sai suka gina abin da zai san sunansu. Mata kuma suna da adashi da asusu, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har ƙasashen da ba na Afirka ba.

Amma akwai inda dukan waɗannan ke tsayawa, kuma nan ne abin ya fi damuna. A 1984 Gerald Wilkinson ya ba da rahoton wasu jemagu masu shan jini a Kosta Rika, waɗanda in ɗaya ya yi kamar dare uku bai samu ba zai mutu. Wanda ya ƙoshi yakan amayo wa mai yunwa, amma ya fi ba danginsa da wanda ya taɓa ba shi. Zumuncinmu da yawa a kan wannan doka yake, cuɗe ni in cuɗe ka. Ƙawa ta kawo miki jika ɗaya ranar sunan ɗanki, ranar nata ana sa ran ki mayar da biyu. Mai kiran gayya sai ya dafa wa masu noma. Ƴar adashi sai ta zuba kowane mako. Wadda ta kasa sau ɗaya, sau biyu, ba korarta ake yi ba, ita ke daina zuwa don kunya, ta daina zuwa biki don ba ta da abin kaiwa, a hankali a daina aiko mata goron gayyata. Ɗan bidar da aka koro daga Aljeriya ta garin Asamaka na kan iyaka, ko wanda yaƙin Libiya na 2011 ya maido hannu wofi, yakan shige ɗaki ya daina fita fada, domin kowa ya san gonar da aka jinginar aka yi masa kuɗin mota. Haka bazawarar da ba ta da ɗa namiji, haka mai yoyon fitsari, haka wanda hankalinsa ya taɓu.

Abin da aka tanada domin wanda ba zai iya ramawa ba shi ne zakka da sadaka da haƙƙin maƙwabci, da al'adu irin habbanaye na Fulani, inda ake ba wanda dabbobinsa suka ƙare aron saniya, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa ya maido uwar. Su ma sun dogara da a samu rara. A shekarar da gona ta ba gida mai baki goma sha biyu dami ashirin, ba a kai nisabi ba balle a fitar da ɗaya cikin goma, kuma makiyayin da fari ya bar wa shanu uku ba shi da ta aro. In agaji ya zo, gida-gida ake rubutawa da sunan magidanci, don haka matar ɗan bida, da wanda aka koro, da tsohuwar da ke ɗakin baya, a takarda duk suna cikin gida mai mutum goma sha biyu, an kuma ɗauka akwai mai kula da su.